Muhawara: Da me za a auna Ingilishin mai neman aikin kasuwanci a Yamai?

Hajiya Rabi, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƙaramin kamfani da ke shigo da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da kayan gyaransu, kuma yawancin masu sayar mana suna Indiya, Dubai da Sin, ga kuma abokan hulɗa a Kano da Kumasi. Ina so in ɗauki ma'aikaci guda wanda zai riƙe mana wasiƙu da kiran waya da Ingilishi, alhali ni kaina da Faransanci na yi karatu, Ingilishina bai wuce gaisuwa da karanta farashi ba. Masu neman aikin sun kawo shaidu iri-iri: ɗaya ya kawo lisans ɗin Ingilishi daga jami'a, wata ta kawo sakamakon TOEIC mai maki 800 da ɗoriya, na uku kuma ba shi da takarda ko ɗaya sai shekarun da ya yi yana bin motocin albasa zuwa Akara da Kumasi, amma idan ya fara magana ba ya tuntuɓe. Wace shaida ce ta fi cancanta in dogara da ita, kuma idan gwaji zan yi musu, me ya kamata gwajin ya ƙunsa?

Malam Sani, malamin lise, Tawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yanke hukunci a kan takarda, ya kamata a san abin da aka tambayi mai ita har ya same ta. TOEIC jarrabawa ce ta wata cibiyar Amurka mai suna ETS, an fara yin ta a Japan a 1979 domin kamfanonin can su san matsayin Ingilishin ma'aikatansu. Wadda aka fi yi, kuma wadda makinta ke tashi daga 10 zuwa 990, sassa biyu ne kawai gare ta: sauraro, tambayoyi 100 cikin kimanin minti 45, da karatu, tambayoyi 100 cikin minti 75. Duka tambayoyin 200 na zaɓen amsa ne, wato an jera amsoshi sai mutum ya cike wadda yake ganin daidai ce. Daga farko har ƙarshe ba a nemi ya furta kalma ɗaya ba, ba a kuma nemi ya rubuta jimla ɗaya ba. Akwai TOEIC ta magana da ta rubutu, kowace makinta daga 0 zuwa 200, amma dabam ake yin su, dabam ake biyan kuɗinsu, shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa gare su.

Saboda haka abin da maki 800 ya shaida shi ne baiwar Allah nan tana fahimtar sanarwa, da hira tsakanin ma'aikata, da wasiƙar ofis, kuma tana da saurin karatu, domin wanda ba shi da sauri ba ya kai ƙarshen sashe na biyu kafin lokaci ya cika. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai aikin da kika bayyana rabinsa magana ne a waya, sauran rabin kuma rubutu ne, ga shi takardar ba ta ce komai a kan waɗannan biyun ba. Ki kuma duba kwanan watan da ke jikinta, domin ita kanta cibiyar shekara 2 take ba sakamakon.

Ibrahim, Yamai:
Malam, da girmamawa, ina ganin an ɗan rage wa jarrabawar nan daraja. Na yi ta, kuma na san wuyar da na sha. Maki 785 shi ne abin da ake ɗauka daidai da mataki na B2 a ma'aunin harsuna na Turai, kuma shi ne makin da makarantun injiniyoyi da yawa a Faransa suke nema kafin su miƙa wa ɗalibi dipulom ɗinsa. Idan har ƙasashen da suka fi mu masana'antu sun yarda da ita, ban ga dalilin da zai sa mu a nan mu raina ta ba. Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne na'urar da ke duba amsa ba ta san ɗan wane ba. Mu matasa da ba mu da kowa a buro, irin wannan takarda ce kaɗai ke yi mana magana.

Malam Sani:
Ɗana Ibrahim, ban raina ta ba, iyakarta na faɗa. Maganarka ta ƙarshe kuwa gaskiya ce mai nauyi, kuma zan dawo gare ta idan wasu sun tofa albarkacin bakinsu.

Alhaji Mamman, Ƙonni:
Ni ban yi lakkwal mai zurfi ba, amma na daɗe ina tura albasar Galmi zuwa Gana, kuma yarana suna ƙetara Illela su shiga Sakkwato kusan kullum. Abin da zan gaya wa Hajiya shi ne Ingilishin da ake ji a waya ba shi ne wanda ake sa wa yara a kaset ba. Mutumin Kumasi da nasa harshen, Ba'indiye da nasa saurin, ɗan Sin kuma yana haɗiye ƙarshen kalma, ga ƙarar injin, ga layi yana yankewa. Na taɓa ganin yaro mai takardu ya riƙe waya yana zufa saboda ya kasa bambance 15 da 50 a bakin wani dillali, kuma kunya ta hana shi cewa a maimaita. Wanda ya taso a kasuwa ba ya jin wannan kunya, zai ce a sake faɗa, zai ce a turo masa lambar a rubuce, ba zai ajiye waya ba sai ya tabbata. In ni ne, na uku zan ɗauka, gani ya kori ji.

Malam Sani:
Alhaji ya taɓo wani abu da ke da tushe a cikin tsarin jarrabawar kanta. Muryoyin da ake sa wa a sashen sauraro na mutanen Amurka, Ingila, Kanada da Ostareliya ne. Babu Ɗan Najeriya, babu Ɗan Gana, babu Ba'indiye, alhali su ne Hajiya take ciniki da su.

Malama Zainabu, malamar jami'a, Yamai:
Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina ganin akwai tambayar da ta riga wadda Hajiya ta yi, wato mene ne ainihin aikin da wannan ma'aikaci zai riƙa yi daga safe zuwa yamma. Jarrabawowin nan duka, da TOEIC, da Linguaskill ta Kambirij wadda ta maye gurbin jarrabawar BULATS a ƙarshen 2019, an gina su ne a kan hoton ma'aikacin da ke zaune a ofishin da kowa Ingilishi yake yi: shugaba ya ba da umurni da Ingilishi, abokin aiki ya amsa da Ingilishi, takardu su zo da Ingilishi. A Yamai kuwa irin wannan ofis ƙalilan ne. Ma'aikacin Hajiya zai karɓi wasiƙa daga Mumbai da Ingilishi, ya juyo ya bayyana wa Hajiya abin da ke ciki da Hausa, ya ɗauki amsarta, wadda wataƙila ta faɗa cikin fushi, ya mayar da ita Ingilishi mai ladabi wanda ba zai ɓata hulɗa ba kuma ba zai zubar da haƙƙinta ba, sa'an nan ya kira tiransita, wato mai fitar da kaya daga duwan, ya gaya masa abin da aka tsayar da Faransanci domin takardun duwan, ƙila ma ya gama da direba da Zabarmanci. Aikinsa na gaskiya shi ne ɗaukar ma'ana daga wannan harshe ya kai ta wancan ba tare da ta zube a hanya ba.

Masu ma'aunin Turai ɗin da Ibrahim ya ambata su ma sun gane haka. Majalisar Turai (Conseil de l'Europe) ta fitar da ma'aunin a 2001 da matakai 6, daga A1 zuwa C2, amma a littafin ƙarin da ta kammala a 2020 ta faɗaɗa batun shiga tsakani, wato iya isar da saƙo tsakanin mutanen da ba sa jin harshen juna, ko taƙaita wa wani doguwar takarda, ko daidaita masu saɓani. Ta kuma daina sa ɗan asalin harshe a matsayin mizanin da ake auna kowa da shi. Sai dai manyan jarrabawowin da ake sayarwa a duniya ba za su iya gwada Ingilishi zuwa Hausa ba, domin takarda ɗaya suke shiryawa ga Bajapane da Bafaranshe da Bahaushe. Wannan ɓangaren, in ba mu muka gwada shi da kanmu ba, babu mai gwada mana.

Don haka shawarata ga Hajiya ita ce ta ɗauki takardu a matsayin rariya, su tace waɗanda ba su kai matakin da ake bukata ba, amma kada su zama su ne alƙali. Alƙalin shi ne aikin kansa. A ɗauko wasiƙa ta gaske daga cikin waɗanda kamfani ya taɓa samu, a goge sunaye, a ba mai neman aiki ya karanta, sa'an nan ya bayyana wa Hajiya da Hausa abin da ake nema da abin da zai biyo baya idan ba a amsa ba. A wannan sashe Hajiya ba ta bukatar kowa ya taya ta, tunda ta riga ta san abin da wasiƙar ta ƙunsa da yadda maganar ta ƙare.

Abdul-Aziz, Yamai:
Malama, ni ina cikin masu lisans ɗin Ingilishi, kuma na lura babu wanda ya ce uffan a kanmu, kamar shekarun da muka yi a jami'a ba su da lissafi. Mun karanta nahawu da adabi da fassara, mun rubuta dogayen takardu, abin da mai cike gurabe bai taɓa yi ba.

Malama Zainabu:
Abdul-Aziz, irinku nake koyarwa, saboda haka ba zan raina lisans ba. A rubutu mai tsabta kun fi sauran, kuma darasin fassara da kuka yi shi ne mafi kusa da aikin da na bayyana. Amma ka amsa mini tsakani da Allah: a cikin ajinku mutum nawa ne za su iya bayyana bambancin farashin FOB da na CIF? Ƙa'idojin nan da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris take fitarwa tun 1936, guda 11 ne a bugun 2020, kuma kowace takardar farashi da za ta zo wa Hajiya da ɗaya daga cikinsu za ta zo. A FOB mai sayarwa ya gama nasa da zarar kaya sun hau jirgin ruwa a tasharsu. A CIF shi ke biyan kuɗin jirgi da inshora har tashar da aka ambata, a ce Lome, amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne haɗarin kayan ya koma kan mai saye tun daga lokacin da aka loda su, ba sai sun iso ba. Ma'aikacin da ya gaya wa Hajiya cewa kayan suna wuyan mai sayarwa har Lome, nahawunsa ko ya kai na Sarauniyar Ingila, ya cuce ta. Wannan ilimi ana koyonsa cikin ɗan lokaci, kuma mai lisans ya fi kowa saurin kama shi idan ya sauke girman kai ya zauna gaban tiransita ya yi tambaya.

Alhaji Mamman:
To Malama, ai kin zo inda nake. Ɗan kasuwa ya san waɗannan abubuwa a aikace ko bai san sunansu ba.

Malama Zainabu:
Alhaji, ranka ya daɗe, ban zo gaba ɗaya ba. Albasa a mota take tafiya, ciniki da baki ake ƙulla shi, amana ce ke riƙe da shi. Famfon da ya taso daga Indiya a kwantena takarda ce ke riƙe da shi, kuma ranar da aka samu saɓani ba a tambayar abin da aka faɗa a waya, wasiƙa ake buɗewa. Idan mutuminka ba ya iya rubuta layi biyar da banki ko kamfanin jirgi zai karɓa, rabin aikin ya gagare shi. Ga kuma wani tarko da ke kama mu masu karatun Faransanci da ƴan kasuwa baki ɗaya: a Ingilishi waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo kuma ke raba ɓangaren lamba, saɓanin abin da muka saba, ta yadda 1,500 a takardarsu dubu da ɗari biyar ne, mu kuwa muna iya karanta shi ɗaya da rabi. Haka kwanan wata, Ba'amurke wata yake fara rubutawa kafin rana, don haka 03/04 a wurinsa 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Duk gwajin da ba a sa irin waɗannan a ciki ba, ba a gwada Ingilishin kasuwanci ba.

Malam Sani:
Bari in cika alkawarin da na yi wa Ibrahim. Abin da Malama ta kawo yana da kyau ƙwarai, amma gwajin da mai kamfani ya shirya da kansa yana da ƙofar da son kai ke shiga, kuma mun san ƙasarmu: ana iya ba ɗan ƙanwa wasiƙa mai sauƙi, a ba baƙo mai wuya, ko a yi wa wani murmushi a ɗaure wa wani fuska, kuma mai magana da harshen da ba nasa ba ɗaure fuska kaɗai ya isa ya rikita shi. Ba ina zargin Hajiya ba ne, amma wannan zaure ba ita kaɗai ke karanta shi ba. Idan za a yi gwajin gida, to a ɗauko abin da ya sa manyan jarrabawowi suka samu amincewa. Kowa a ba shi wasiƙa iri ɗaya da lokaci iri ɗaya. A rubuta abin da ake nema tun kafin a ga fuskar kowa, misali ko ya kawo adadi da kwanan wata daidai, ko ya gane abin da ake bukata daga kamfani, ko ya nemi a maimaita a inda bai ji ba, ko amsarsa tana da ladabi. A sa mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai, sa'an nan a haɗa. Rubutun kuma a cire sunan mai shi a sa lamba kafin a kai wa mai dubawa.

Wani abin da nake so iyaye da hukuma su ji shi ne yaranmu suna fara Ingilishi tun daga aji na farko na kwaleji, shekara 4 kafin jarrabawar BEPC da ƙarin shekara 3 kafin ta bak, amma a aji mai cunkoso malami ba ya iya ba kowane yaro ko minti ɗaya na magana a sati, don haka abin da muke gwadawa shi ne abin da ke da sauƙin dubawa da jan biro, wato nahawu da cike gurabe. Yaro kuwa abin da za a tambaye shi yake karantawa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya kuma ambaci Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, bukatar masu iya aiki da Ingilishi sai ƙaruwa za ta yi, kuma muddin ba a canza yadda muke gwada yara ba, yadda muke koyar da su ma ba zai canza ba.

Fatsuma, mai kula da ɗaukar ma'aikata, Yamai:
Mu a wurin aikinmu kusan haka muke yi, kuma sashen da ya fi tona asiri shi ne kiran waya. Muna sa mai neman aiki a ɗaki, wani abokin aikinmu ɗan Gana ya kira shi daga wani ɗakin a matsayin mai sayarwa wanda ya makara da kaya kuma yana neman ƙarin kuɗi. Ba ma kula da kyawun lafazi sosai. Abin da muke saurare shi ne ko zai iya cewa a'a ba tare da ya yi rashin kunya ba, ko zai maimaita abin da aka tsayar kafin a rabu, ko kuma zai riƙa cewa to, to, don kawai kiran ya ƙare. Mun ga masu maki mai yawa da suka amince da ƙarin kuɗin ba su ma san sun amince ba, mun kuma ga wasunsu da suka yi abin a yaba, saboda haka ban yarda a ce duk mai takarda ba ya iya magana ba.

Game da jarrabawowin da ake yi ta intanet, Linguaskill tana da nau'in kasuwanci, tana gwada karatu da sauraro da rubutu da magana, kuma a karatu da sauraro tambayoyin suna ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon amsar da mutum ya bayar. Matsalarta a nan ita ce ta wuta da layi, musamman a watannin zafi, ga kuɗin da ya yi wa mai neman aiki nauyi. Ban ga adalci ba a ce wanda bai fara karɓar albashi ba shi zai biya. Kamfanin da yake son wannan shaida shi ya kamata ya ɗauki nauyinta ga mutum biyu ko uku da suka kai zagayen ƙarshe.

Ibrahim:
Idan za a cire suna a sa lamba, kuma mutum biyu za su duba, to ba ni da ja. Amma ina da tambaya ga Yaya Fatsuma. A sashen rubutu, za a bar mutum ya yi amfani da manhajar fassara da ke cikin wayarsa? Domin gaskiya ranar da ya fara aiki da ita zai riƙa yi, kuma kowa ya san haka.

Malam Sani:
A'a, sam. In aka bar waya a hannunsa, wayar aka gwada, ba shi ba.

Fatsuma:
Malam, a nan na ɗan saɓa da kai. Mun raba abin gida biyu ne. Da farko ya rubuta gajeriyar amsa da hannunsa, ba waya ba ƙamus, domin mu ga abin da ke cikin kansa. Bayan haka mu ba shi wata wasiƙa da na'ura ta fassara daga Faransanci zuwa Ingilishi, wadda muka san akwai kurakurai a cikinta, wani wuri adadi ya canza, wani wuri roƙo ya koma umurni, wani wuri an juya wanda zai biya kuɗin dako, mu ce ya gyara kafin a aika da sunan kamfani. Hana ma'aikaci na'ura ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. Abin da mai kamfani yake biya a yau shi ne idon da zai kama kuskuren na'ura kafin wasiƙa ta fita, kuma wanda Ingilishinsa bai kai ba zai karanta ta ya ce lafiya lau take.

Malam Sani:
In dai na hannun ne ke zuwa farko, kuma makinsa ya fi na gyaran nauyi, na yarda. Amma a karɓe wayoyi a bakin ƙofa, kada a ce a kife su a kan tebur.

Hajiya Rabi:
Malama Fatsuma, zan neme ki ta bayan fage a kan yadda kuke rubuta takardar ba da makin. Malama Zainabu kuma, idan akwai wani abokin aikinki da zai yarda ya duba rubutun ba tare da ya ga sunaye ba, ladan aikinsa yana kaina. Mai kiran waya ne ban samu ba tukuna, domin abokan cinikina na Kumasi sun san ɗaya daga cikin ukun, ba kuwa zan so ya gane muryar mai kiransa ba.

Alhaji Mamman:
Hajiya, akwai wani Bayarabe mai sayar da kayan gyaran mota a nan Ƙonni, Ingilishinsa da sauri yake kuma ba ya sassauta wa kowa a ciniki, bai kuma san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ki sa rana bayan sallar la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa, zan zaunar da shi a shagona ya kira su ɗaya bayan ɗaya.